Lesin dare a Aboabo, inda ake koyon Gwamnati da tarihin Kenneth Clarke

Masu zuwa shagona karɓar ɗinki sun ishe ni da tambaya a kan lesin da na saka 'yar ƙanwata, tun ranar da suka ji ta tana gardama da samarin teburin mai shayi a kan yadda ake sauke firaminista ba a yi zaɓe ba. To, bari in rubuta amsar gaba ɗaya, mai so ya karanta, ni ma in daina ajiye almakashi ina bayani. Lesin yana da kyau, kuɗina bai tafi a banza ba. Sai dai akwai abin da ya kamata uba ko uwa su sani kafin su tura kuɗi ta momo, wato ta waya.

Ajin na masu sake zama WASSCE ne, jarrabawar ƙarshen shekara da yara ke kira Novdec, kuma darasi ɗaya ake yi, Gwamnati. Yarinyarmu ta haye sauran darussa lafiya, wannan ne ya maƙale mata a D7, jami'a kuwa ba ta duba abin da ya gaza C6. Malamin yana koyarwa a wata sakandare da rana, da dare ya karɓi hayar aji a saman wata makarantar Islamiyya a Aboabo, nan Kumasi. Ana shiga bayan magariba, a fita isha'i, a dawo a ƙarasa wajen ƙarfe tara. Bencin na ƙananan yara ne, saurayi mai tsayi sai dai ya zauna a karkace. Fanka ɗaya ce, ita ma 'yan gaba take yi wa aiki. In an ɗauke wuta yana da fitilun caji biyu da yake ratayawa a ƙusoshin allo, darasi ba ya tsayawa. Kuɗin wata bai kai abin da nake karɓa a kan kaftani ɗaya mai surfani ba, amma takardun da yake rabawa kowa ke biyan fotokwafinsa, kuma ba a gaya maka haka ranar rajista.

Ni nake kai ta a babur daga Sawaba. Da na lissafa man zuwa da komowa, sai na roƙi a bar ni in riƙa zama a bayan aji. Ya ce, "Alhaji, bismillah, amma ban da ɗaga hannu." Don haka abin da zan faɗa da kunnena na ji shi.

A makarantarta ta dā, abin da aka ba ta a kan tsarin firaminista jeri ne kawai: siffofinsa kaza, amfaninsa kaza, illolinsa kaza. Ta haddace tsaf, ta shiga jarrabawa, aka ɗan juya tambayar, ta rasa inda za ta kama. Shi wannan malamin dogon layi ya ja daga wannan gefen allo zuwa wancan, ya rubuta 1970 a farko, 2019 a ƙarshe, a sama ya rubuta Kenneth Clarke, wani ɗan siyasar Birtaniya. Ya ce mutumin nan shekara 49 ya yi yana wakiltar mazaɓa ɗaya, Rushcliffe, a gefen birnin Nottingham, ya yi aiki a gwamnatin firaministoci huɗu, Heath da Thatcher da Major da Cameron, kuma kusan duk abin da littafi ya ce yana faruwa a irin wannan tsari, ko ya faru a kansa ko a gaban idonsa. Mu a sana'armu in kana so yaro ya gane yadda aka haɗa riga, juya ta kake yi ya ga ɗinkin ta ciki. Haka malamin ya yi wa gwamnatin Ingila.

An haifi Clarke a 1940. Ubansa mai gyaran wuta ne a ma'haƙar kwal, daga baya ya koma gyaran agogo. Ɗan ya yi karatun lauya a Cambridge, ya tsaya takara a Mansfield, garin 'yan kwal da jam'iyyar Leba ta riƙe gam, ya faɗi a 1964, ya sake faɗuwa a 1966, sai a 1970 ya samu kujera a Rushcliffe. Da malamin ya zo nan ya ɗan tsaya ya dubi ajin, ajin da kowa a ciki ya faɗi jarrabawa ne ya zo, bai ce komai ba ya ci gaba. Aikin Clarke na farko a gwamnati, daga 1972, bulaliyar jam'iyya ne, cikin masu bin 'yan majalisa ɗaya-ɗaya su tabbatar sun zo sun jefa ƙuri'a inda jam'iyya ke so, a daidai lokacin da Heath ke turmutsutsun shigar da Birtaniya kasuwar Turai, abin da ya tabbata a farkon 1973. Malamin ya zagaye kalmar Turai da jan alli ya ce a riƙe ta, za a dawo kanta.

Daga 1979 zuwa 1997 jam'iyyar Conservative ta yi shekara 18 tana mulki, kuma ko sau ɗaya ba a ajiye Clarke ba. Ya fara da ƙaramin minista a sufuri, a 1982 ƙaramin ministan lafiya, a 1985 ya shiga majalisar ministoci da harkar samar da aikin yi, a 1987 kasuwanci da masana'antu, a 1988 babban ministan lafiya, a 1990 ilimi, a 1992 cikin gida, a 1993 kuɗi. Yana cikin rubuta su a kan layin sai yarinyarmu, wadda a gida ma ba ta cika magana ba, ta ce, "Malam, lauya ne fa. Me ya sani a asibiti?" Amsar da ya ba ta ita ce ta sa na yarda da shi. Ya ce ba a ɗauki minista don ya duba mara lafiya ba. A ƙarƙashinsa akwai babban sakatare da ma'aikatan dindindin waɗanda ba sa canzawa in gwamnati ta canza, kamar babban daraktan ma'aikata a nan Gana. Nasa aikin shi ne ya yanke shawara, ya ƙwato wa ma'aikatarsa kuɗi a wurin ministan kuɗi, ya kuma tsaya a majalisa ya sha tambaya in abu ya lalace. Sai ya kawo abin da Clarke ya yi a lafiya: ya raba masu sayen magani a madadin jama'a da asibitocin da ke yin aikin, don kuɗi ya bi mara lafiya inda ya je, ya kuma ba wasu likitocin unguwa kasafinsu a hannu. Ƙungiyar likitoci ta yaƙe shi har da manna hotuna a tituna. Direbobin motar asibiti suka shiga rikicin albashi da shi daga ƙarshen 1989 har wajen wata shida, sai da aka fito da sojoji da 'yan sanda suna ɗaukar marasa lafiya. Duk da haka dokar ta wuce a 1990, don gwamnati ke da rinjaye a majalisa, kuma a wannan tsari mai rinjaye shi ne gwamnati.

Ba ya barin labarin Ingila ya kwana a Ingila, wannan shi ne ƙarfinsa. Duk inda ya ajiye alli sai ya ce, "To mu fa?" A 1969 mun gwada irin nasu, Busia firaminista, Edward Akufo-Addo kuma shugaban ƙasa na alfarma daga 1970. A 1979 zamanin Limann muka koma irin na Amurka, minista ba ya zama ɗan majalisa. Tsarin mulkin 1992 ya gauraya biyun: jama'a ke zaɓar shugaban ƙasa kai tsaye, amma sashe na 78 ya ce mafi yawan ministoci daga majalisa za a ɗauko su. Misalin ma a ƙofar gida yake, ɗan majalisarmu na Asawase, Muntaka Mubarak, an naɗa shi ministan cikin gida a 2025 bai bar kujerarsa ba. Yaran da suka sha wahalar haddace "gaurayayyen tsari" suka ga ashe a unguwarsu yake zaune.

Daren da ya fi kowanne armashi shi ne na faɗuwar Thatcher. Ya fara da lissafi. Matar ta ci zaɓe uku a jere, 1979 da 1983 da 1987, ta shekara 11 a kan mulki. Harajin kai da ta ɗora wa kowane baligi ya fusata jama'a, maganar Turai ta raba ta da manyan ministocinta, mataimakinta Geoffrey Howe ya ajiye aiki a Nuwamban 1990 ya tsaya a majalisa ya yi mata tas, Michael Heseltine ya fito neman shugabancin jam'iyya. 'Yan majalisar jam'iyyar suka jefa ƙuri'a, ta samu 204, shi 152, amma ƙa'idarsu tana neman tazarar da ta fi haka, ƙuri'a huɗu suka rage mata. Daga nan malamin ya ajiye alli, ya jawo kujerarsa tsakiyar aji, ya zaunar da wata doguwar yarinya mai baƙin hijabi ya ce ke ce Thatcher. Ya jera samari a bakin ƙofa ya ce ku ne ministoci, za ku shigo ɗaya bayan ɗaya, don haka ta gana da su a daren 21 ga wata. Na farko ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce, "Hajiya, ni dai ina tare da ke, amma mutane..." aji ya fashe da dariya. Malamin ya ce haka da yawansu suka yi. Sai ya kira wani gajeren yaro mai kaurin murya ya ce kai ne Clarke, kai ba ka iya kwana-kwana ba, gaya mata in ta sake tsayawa za ta faɗi, jam'iyya ta koma hannun Heseltine, gara ta janye ta bar wa ɗaya cikin ministocinta, Major ko Hurd. Yaron ya faɗa, yarinyar ta harare shi harara ta gaske. Washegari, 22 ga wata, Thatcher ta sanar da saukarta, ranar 28 John Major ya zama firaminista, babu wanda ya je rumfar zaɓe. A nan kuwa, in ji malamin, kafin a tsige shugaban ƙasa sai an bi sashe na 69, sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan majalisa sun yarda. A hanyar gida yarinyar ta yi ta maimaita mini a kunne, iska na kwashe rabin maganar: "Kawu, ashe firaminista ɗan majalisa ne kawai da abokansa suka ɗaga."

Akwai kuma daren haraji, wanda a cikinsa malamin ya karya dokar da ya kafa mini da kansa. Bayan kuɗin Ingila, fam, ya sha kashi a kasuwa a Satumban 1992, an sauke Norman Lamont a watan Mayun 1993 aka ba Clarke baitulmali da gibi mai yawa. Ya ƙara haraji, har da sabon harajin tikitin jirgi da ya fara a 1994, wanda duk ɗan zangon da ke tasowa daga Landan yana biyansa har yau ko bai sani ba. Ya gaji shirin ɗora VAT a kan wutar lantarki da gas na gidaje, kashi 8 da farko, sannan a kai shi 17.5. A Disamban 1994 majalisa ta ƙi mataki na biyun da tazarar ƙuri'a takwas, don wasu 'yan jam'iyyarsa sun bi 'yan adawa. Bai sauka ba, gwamnati ba ta faɗi ba. Ya dawo bayan kwana biyu ya cike gibin da ƙarin haraji a kan giya da taba da man mota.

Da malamin ya rubuta 17.5 a allo sai ya waiwayo bayan aji ya ce, "Alhaji, wannan lambar ta tuna maka wani abu?" Yaya ba za ta tuna mini ba. A watan Maris na 1995 gwamnatin Rawlings ta kawo VAT a kan kashi 17.5 daidai. Ina yaron shago a Alabar a lokacin, maigidana ya aike ni sayen zare da maɓalli, in dawo masa da rabin saƙo da labarin sabon farashi, ya zage ni kamar ni na ƙara. Ranar 11 ga Mayu aka yi zanga-zangar Kume Preko a Akara, Nana Akufo-Addo yana cikin jagorori, aka rasa rayuka. A watan Yuni gwamnati ta janye harajin, a shekarar kuma Kwesi Botchwey, wanda ke riƙe da ma'aikatar kuɗi tun 1982, ya ajiye aiki. Sai a 1998 VAT ɗin ya dawo, a kan kashi 10. Na faɗi wannan a tsaye, gwiwata na ciwo saboda bencin. Malamin ya tambayi aji: haraji iri ɗaya, lamba ɗaya, wata shida tsakani, me ya sa can aka kashe shi a cikin zaure, nan sai a kan titi? Shiru. Sai ya rubuta 189 cikin 200. Ya ce kujerun NDC, jam'iyyar Rawlings, ke nan a majalisar farko ta Jamhuriya ta Huɗu, don NPP da wasu jam'iyyu sun ƙaurace wa zaɓen majalisa na Disamban 1992, sauran kujerun ma yawancinsu na ƙawayen gwamnati ne. Babu mai cewa a'a a ciki, sai aka faɗe ta a waje. Ya ce ku rubuta, aikin 'yan adawa a majalisa, lamba ɗaya. Ni da na ga abin da idona, ban taɓa jin an haɗa shi haka ba.

Ragowar shekarun Clarke a baitulmali ya wuce su da sauri. Hauhawar farashi ta lafa, marasa aiki suka ragu, ya sauke harajin albashi daga kashi 25 zuwa 23, ya kuma fara wallafa abin da suke tattaunawa duk wata da gwamnan babban banki, Eddie George. Duk da haka a 1997 Tony Blair ya share su, Conservative ta tsira da kujera 165 kacal.

Daga nan aka koma kan kalmar da aka zagaye da jan alli. Sau uku Clarke ya nemi shugabancin jam'iyyarsa, sau uku ya rasa. A 1997 William Hague ya kayar da shi 92 da 70. A 2001 shi ya zo na ɗaya a wurin 'yan majalisa, amma da aka kai wa 'ya'yan jam'iyya na ƙasa suka zaɓi Iain Duncan Smith da kashi 61 cikin ɗari. A 2005 tun zagayen farko aka fitar da shi, Cameron ya ɗauka. Dalili ɗaya ne: yana son Tarayyar Turai, har da kuɗin yuro, jam'iyyarsa kuwa kullum ƙara nisa take da ita, shi kuma ya ƙi sauya baki don ya samu kujera. Wani yaro ya yi ihu daga baya, "Alan Cash!" Malamin ya yarda akwai kama, Alan Kyerematen ma Akufo-Addo ya kayar da shi a 2007 da 2010 da 2014, sai dai shi ya bar NPP a 2023, Clarke kuwa bai bar tasa da ƙafarsa ba. Kafin yara su rabu gida biyu ya tsawatar, ya ce lemar NDC da giwar NPP a ajiye su tare da takalma a bakin ƙofa. A aji irin wannan, a Aboabo, ba ƙaramin abu ba ne a ce har yau ban iya gane wace jam'iyya malamin yake yi ba.

Clarke ya ƙi goyon bayan yaƙin Iraƙi a 2003. A 2010 Cameron ya dawo da shi ministan shari'a yana dab da shekara 70, ya fito ya ce ɗaurin 'yan watanni ba ya gyara mai laifi, a rage cika gidajen yari, jaridun jam'iyyarsa suka yi masa ca. A 2012 aka mai da shi minista maras ma'aikata, a 2014 ya bar gwamnati. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 2016, da aka zo majalisa a 2017 don ba gwamnati izinin fara ficewa daga Tarayyar Turai, shi kaɗai ne ɗan Conservative da ya ce a'a. A Satumban 2019 Boris Johnson ya kori 'yan majalisa 21 daga sahun jam'iyya a zaure saboda sun hana a fice babu yarjejeniya, har da shi, alhali a lokacin babu wanda ya fi shi daɗewa a majalisar. Tsohon bulaliya ya sha bulala. Amma kujerarsa ba ta taɓu ba, ya ci gaba da zama har aka rushe majalisa, bai sake tsayawa ba, a 2020 kuma Johnson ɗin nan dai ya sa sunansa a majalisar dattawa. To mu fa? Sashe na 97 ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa. Haka ta faru da Andrew Asiamah na Fomena, nan jihar Ashanti, a ƙarshen 2020 da ya tsaya a matsayin ɗan ba-ruwanmu. Ya ci zaɓen, NPP da NDC suka yi kunnen doki 137 da 137, ya zama shi ne mai raba gardama, har ya samu kujerar mataimakin kakaki na biyu. Yaran sun san wannan labarin, ba su dai san sashen da ke bayansa ba.

Yanzu ga inda muka saɓa. Malamin yana son mutumin nan, so ɗin da ke rufe ido. Ya ɓata kusan rabin dare a kan takalmansa na fata mai laushi, da sigarinsa, da son kiɗan jaz da kallon tsuntsaye, da yadda yake kurɓar wuski yana karanta kasafin kuɗi don al'adar majalisarsu ta yarje wa ministan kuɗi haka. Duk wannan a saman makarantar Islamiyya. Amma bai gaya wa yara cewa tsohon ministan lafiyar nan ya zama mataimakin shugaban kamfanin taba na British American Tobacco daga 1998 zuwa 2007 ba. Abin da ya fi wannan nauyi, bai taɓo maganar gurɓataccen jini ba ko da kalma ɗaya. Ni a rediyo na ji ta ina kan keke, a watan Mayun 2024. Daga shekarun 1970 zuwa farkon na 1990, mutum sama da 30,000 a Birtaniya aka sa wa jini ko maganin da aka haɗa da jini mai ɗauke da ƙanjamau ko ciwon hanta, da yawansu masu larurar da jininsu ba ya tsayawa in sun ji rauni, har da yara. Sama da 3,000 sun mutu. A 1983, yana ƙaramin ministan lafiya, Clarke ya ce babu tabbatacciyar hujja cewa ƙanjamau na bin irin waɗannan magunguna. Da ya bayyana gaban kwamitin binciken Brian Langstaff a 2021, ya ce ɓangaren jini ba a hannunsa yake kai tsaye ba, kuma yadda ya riƙa amsa tambaya cikin ƙosawa ya ɓata wa iyalan mamata rai ƙwarai. Rahoton ƙarshe ya soki waccan magana ta 1983 da kuma halin da ya nuna, firaminista Rishi Sunak ya tsaya a majalisa ya nemi gafara a madadin ƙasa.

Na tare shi a kan matattakala bayan an tashi, yara sun yi gaba. Na ce, "Malam, ina maganar jinin?" Ya ce, "Alhaji, ai ba ta fitowa a jarrabawa." Na ce, "Takalminsa yana fitowa?" Ya yi dariya, amma ya ji. Ita kuwa tana fitowa, don alhakin minista a kan abin da ma'aikatarsa ta aikata yana cikin manhaja, kuma duk tsawon layin nan na allo babu misalin da ya fi wannan. A mako na gaba ya kawo ta, a taƙaice, fuska ba walwala. Rashin kwana-kwanar da ya yaba a daren Thatcher ita ce dai ta zama rashin tausayi a gaban waɗanda suka binne 'ya'yansu, kuma yaran da aka ba rabin farko sun cancanci a ba su na biyun ba sai wani tela ya roƙa ba.

Matsala ta biyu ta fi shafar aljihun iyaye. Labari yana cin lokaci. Makonnin da aka yi a Landan, an cire su ne daga na Gana. Tsarin mulkin Guggisberg na 1925, na Burns na 1946, kwamitin Watson na 1948 da na Coussey na 1949, duk a guje aka bi ta kansu, su kuwa ba sa rasa fitowa. ECOWAS da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya takarda kawai aka raba. Sannan mai duba jarrabawa ba labari yake nema ba, maki yake ƙirgawa, a kawo dalili, a yi masa bayani a jimla biyu, a wuce na gaba. Na ga amsar da yarinyarmu ta rubuta a gwajin aji a kan bambancin tsarin firaminista da na shugaban ƙasa. Ta fahimta sarai, har ta fi ni, amma ta cika shafi guda da Thatcher kafin ta kai dalili na biyu. Wannan gyara ne da jan biro kaɗai ke yi, malamin kuwa yana da nawa wajen duba takardu. Yakan turo tsofaffin tambayoyi a zauren WhatsApp na ajin, yara su amsa, takardun su yi kwanaki a jakarsa. Yaron da tushensa ke da rauni a Turanci zai ji daɗin ajin, don malamin yana maimaita komai da Hausa, wani lokaci har da Tuwi, amma daɗin ji ba zai rubuta masa amsa ba.

Mu 'yan iyayen da ke jiran yara a ƙasa muka haɗu muka yi masa magana. Ya yarda ya ƙara zama ɗaya ranar Asabar da safe, na tsofaffin tambayoyi zalla, a rubuta a gabansa da agogo, ya duba a wurin kafin kowa ya tafi. Kuɗinsa daban ne, kusan rabin na wata. A ganina wannan zaman ba na zaɓi ba ne, duk mai lissafin kai ɗansa ya haɗa shi cikin kuɗin tun farko, ya kuma sayi littafin tsofaffin tambayoyi a Kejetia ko Adum, don na malamin kwafi ɗaya ne kuma wasu shafukan sun fita.